Oke: Kalmar da Aka Haifa da Wasa, Ta Girma Tana Aiki

Wata Asabar na kai motata gareji saboda ƙarar da take yi in an taka birki. Bakaniken dattijo ne da bai taɓa zama a ajin boko ba. Ya buɗe bonet, ya kasa kunne, ya sa yaronsa ya ba ta wuta sau biyu, sannan ya goge hannu da tsumma ya ce, "Malam, injinka oke yake. Birkin ne ya cinye, sai an canja." Na tsallaka titi wajen mai POS don in ciro kuɗin aiki, yaron ya miƙo mini na'urar ya ce, "Baba, sa lambarka ka danna oke." Kafin in koma gareji saƙo ya shigo waya, amsar abin da na rubuta wa wani abokin aiki tun da safe: haruffa biyu kacal, OK. Cikin abin da bai kai rabin awa ba kalma ɗaya ta zo mini sau uku, kowane zuwa da aikinta daban. A bakin bakanike shaidar lafiyar inji ce. A bakin yaron sunan maɓalli ce. A waya cewa take an ji.

Yawancin kalmomin da muke furtawa kullum ba mai iya nuna ranar da aka fara faɗinsu. Wa ya fara cewa "ruwa"? Amma wannan tana cikin 'yan tsirarun da ake iya ɗora yatsa a kan takarda a ce ga inda aka fara ganinta. Ranar Asabar ce, 23 ga Maris, 1839, a shafi na biyu na jaridar Boston Morning Post, a birnin Boston na Amurka. Editan jaridar, Charles Gordon Greene, yana tsokanar takwaransa na wata jarida a garin Providence a kan tafiyar wata ƙungiyar 'yan raha, sai a tsakiyar wata doguwar jimla ya jefa "o.k." da ƙananan haruffa, ya bi ta da bayani: "all correct", wato komai daidai. Bin ta da bayani shi ne shaidar cewa baƙuwa ce. Ba a fassara wa mai karatu abin da ya riga ya sani.

Duk wanda ya yi firamare zai ce ai "all correct" da A da C suke farawa, ina O, ina K? To, nan wasan yake. Tun daga 1838 wani yayi ya kama samarin Boston masu ilimi da marubutan jaridunsu, na taƙaita magana zuwa haruffan farko. In sun rubuta O.F.M. suna nufin "our first men", manyan gari. N.G. na nufin "no go", abu ba zai yiwu ba. S.P. kuwa "small potatoes", ƙananan dankali, wato abin da bai taka kara ya karya ba. Ɗan Hausa da ke tura "slm", "ykk", "lfy" da "ngd" a WhatsApp ba ya bukatar a yi masa dogon bayanin yadda irin wannan yayi yake kama mutane. Sai dai 'yan Boston sun ƙara masa gishiri: sukan ɓata rubutun kalmar da gangan tukuna, sannan su taƙaita ɓataccen. "No use", ba amfani, sai su mai da shi "know yuse", ya zama K.Y. "All right" ya koma "oll wright", ya zama O.W. Ta wannan hanya "all correct" ta zama "oll korrect", ta zama O.K.

Abin ya fi kama da zaurance. Daɗinsa shi ne na ciki ya gane, na waje ya tsaya yana rarraba ido. Kuma wasa ne na masu karatu, domin sai ka san yadda ake rubuta kalma daidai kafin ɓata ta ya ba ka dariya. Irin wannan yayi ba ya tsufa. K.Y. ta mutu, O.W. ta mutu, sauran duk suka bi su cikin 'yan shekaru. Da an bar O.K. da halinta, da kabari ɗaya za su shiga.

Siyasa ce ta cece ta. A 1840 aka shiga zaɓen shugaban ƙasa, shugaba mai ci Martin Van Buren, na 8 a jerin shugabannin Amurka, yana neman zarcewa. Haifaffen wani ƙaramin gari ne a jihar New York mai suna Kinderhook, don haka magoya bayansa suke yi masa laƙabi da Old Kinderhook, kamar a ce Dattijon Kinderhook. Faɗuwa ta zo daidai da zama: haruffan farko na laƙabin su ne O da K. A watan Maris na shekarar 'yan jam'iyyarsa ta Democrat suka kafa ƙungiyar O.K. a birnin New York, haruffan suka zama take mai baki biyu, sunan ɗan takara da kuma cewa komai nasa daidai ne.

'Yan adawa na jam'iyyar Whig ba su zauna ba. Tattalin arzikin ƙasar ya durƙushe tun 1837, bankuna sun rufe, mutane na cikin matsi, sai suka riƙa juya haruffan suna yi wa gwamnati ba'a: "out of kash", aljihu ya bushe, "out of kredit", ba mai ba su bashi. Sannan jaridar New York Herald ta fito da labarin da ya fi kowanne daɗewa a duniya. Ta ce tsohon shugaba Andrew Jackson, ubangidan Van Buren a siyasa, wanda dama ake yi wa gorin ƙarancin karatu, shi ne yake rubuta O.K. a kan takardun gwamnati don a zatonsa haka ake taƙaita "all correct". Sharrin siyasa ne, amma ya shiga kunnen jama'a ya zauna fiye da shekara ɗari. Har wata takardar kotu ta 1790 daga Tennessee aka riƙa kawowa a matsayin hujja, sai da aka duba ainihin rubutun hannun aka ga O.R. ne, alamar magatakarda ta cewa an shigar da umarnin kotu cikin littafi.

Van Buren ya sha kaye. Ɗan takarar Whig, William Henry Harrison, ya samu ƙuri'un wakilan zaɓe 234, shi kuwa 60. Harrison ma bai daɗe ba, wata ɗaya da rantsar da shi ya rasu a Afrilun 1841. Kalmar kuwa gaba ta kai ta. Masu yabo sun yi ta ihunta, masu zagi sun yi ta buga ta a jarida, tsawon shekara guda daga wannan jiha zuwa waccan, har ta shiga kunnen manomin da bai taɓa jin wasan 'yan Boston ba.

Amma taken kamfe ma mutuwa yake yi in an rantsar da gwamnati. Abin da ya ba ta dogon rai shi ne ta samu aikin yi. A 1844 Samuel Morse ya aika saƙon farko ta wayar tangaraho tsakanin Washington da Baltimore, cikin 'yan shekaru wayoyi suka bi layin dogo suka game ƙasar. A tangaraho kowane harafi bugu ne, kowane bugu lokaci ne da kuɗi. Ma'aikacin da ya karɓi saƙo yana bukatar gajeriyar hanyar shaida wa na ɗaya gefen cewa ya iso lafiya, sai O.K. ta zama wannan shaida. Daga nan ta wuce ga ma'aikatan jirgin ƙasa, ga akawu da ke duba lissafi, ga mai duba kaya a sito, kowa ya ɗora haruffa biyu a gefen takarda ya wuce na gaba. Shekaru da dama manyan marubuta suna ƙyamarta, suna ganin maganar kasuwa ce da ba ta dace da littafi ba. Ita kuwa tana can cikin ofisoshi da tashoshi tana kafa saiwa.

Tun daga lokacin ba ta rabu da na'ura ba. A Mayun 1961, lokacin da Alan Shepard ya zama Ba'amurken farko da ya je sararin samaniya, kakakin hukumar NASA John Powers ya yi ta faɗa wa 'yan jarida "A-OK", ita ma ta zama yayi. Ranar 20 ga Yuli, 1969, da kumbon Apollo 11 ya dira a kan wata, cikin kalmomin farko da suka fito daga bakin ɗan sama jannati Buzz Aldrin akwai "Okay, engine stop", wato to, an kashe inji. A farkon shekarun 1980 kuma, masu ƙera kwamfutar Lisa a kamfanin Apple sun sa wa maɓallin amincewa suna "Do It", wato aikata. Da aka zaunar da mutane gwaji, sai aka ga wasu suna gudun maɓallin, har wani ya fusata. Ashe yadda haruffan suka matsu a allo, "Dolt" yake karantawa, wato dolo, yana ganin na'ura ce take zaginsa. Aka cire, aka sa OK. Yau ma duk shafin intanet da ya buɗe maka lafiya, akwai amsar da kwamfutar can nesa ta turo wa wayarka a ɓoye: 200 OK. Mu 404 muka fi sani, don ita ce take fitowa fili in abu ya ɓaci.

Duk wannan tarihi mutum ɗaya ne ya tono mafi yawansa: Allen Walker Read, malami a Jami'ar Columbia, wanda ya rayu daga 1906 zuwa 2002. Ya shafe shekaru yana bin tsofaffin jaridu shafi-shafi, a zamanin da ba kwamfutar da za ta nemo maka kalma. Abin da ya fi burge ni da shi shi ne ya gyara kansa. A 1941 ya rubuta cewa daga Old Kinderhook kalmar ta fito. Da aka samu shaidar da ta girmi 1840, bai kafe ba, ya koma ya sake bincike, ya fitar da maƙaloli shida a mujallar American Speech a 1963 da 1964, inda ya jera wasan haruffan Boston, da jaridar 23 ga Maris, da yadda siyasa ta ɗauka daga nan.

Ya sha fama, domin kalmar da ta yi suna kowa ɗanta ne. Girkawa sun ce daga "ola kala" ne, komai lafiya. Mutanen Scotland sun ce "och aye" ɗinsu ce. Wasu sun ce daga tashar jiragen ruwa ta Aux Cayes a Haiti, wasu sun ce sunan wani mai yin biskit ne ko wani ma'aikacin jirgin ƙasa da ke sa haruffan sunansa a kan kaya, wasu kuma sun ce sojoji ne ke rubuta sifili da K, harafin farko na "killed", wato an kashe, in an dawo daga yaƙi ba a kashe kowa ba. Yawancin waɗannan ba sa bukatar dogon musu: ko dai abin da suke dogaro da shi ya faru bayan 1839, ko kuma ba takarda ko ɗaya da ta goyi bayansu.

Biyu ne suka cancanci a zauna a kansu. Ta farko ita ce ta Choctaw, ɗaya daga cikin al'ummomin asali na Amurka, waɗanda ma daga harshensu sunan jihar Oklahoma ya fito. Suna da kalma "okeh" da ke zuwa a ƙarshen magana da ma'anar haka ne. Wani malami, William Wyman, ya kawo wannan ra'ayi a 1885, ya kuma samu karɓuwa sosai. Shugaban Amurka Woodrow Wilson "okeh" yake rubutawa a kan takardu don ya yarda da shi, wani kamfanin faifan garmaho da aka kafa a 1918 ya ɗauki sunan Okeh, manyan ƙamusoshi suka daɗe suna ba da wannan asali.

Ta biyu ita ce ta fi kusa da mu. David Dalby, masanin harsunan Afirka ta Yamma a Landan, ya kawo hujja a ƙarshen shekarun 1960 da farkon 1970 cewa bayin da aka kwasa daga yankin Senegal da Gambiya ne suka tafi da kalmar. A harshen Wolof "waaw" na nufin e, "kay" kuma ƙarfafawa ce, haɗe su ya ba da "waaw kay", e mana. A Mandinka ma akwai "o ke" mai ma'ana makusanciya. Masu wannan ra'ayi suna nuna wasu tsofaffin rubuce-rubuce, ɗaya na 1784 daga Carolina ta Arewa, ɗaya na 1816 daga Jamaika, inda Turawa suka rubuta bayi suna cewa "kay" ko "oh ki".

Ba zan ɓoye ba, ranar da na fara karanta wannan zuciyata ta karkata gare shi. Mutanen da aka raba da ƙasarsu, aka raba da sunayensu, a ce kalmar da duniya ta fi furtawa daga bakinsu ta fito, wa ba zai so haka ba? Kuma ba abin mamaki ba ne harsunan Afirka su bar sawu a Turancin Amurka, sun bari a abinci da kiɗa da magana. Amma so daban, hujja daban. Frederic Cassidy, wanda ya yi zurfi a Turancin Jamaika, ya duba waɗannan misalai a 1981 ya nuna cewa "ki" ɗin da ke cikinsu kalmar mamaki ce, irin "kai!" tamu, ba ta amincewa ba. Sannan ga babbar matsala da ta shafi Wolof da Choctaw duka: in daga magana kalmar ta shigo, me ya sa farkon bayyanarta a rubuce haruffa biyu ne masu ɗigo, a tsakiyar garken wasu haruffa irinta, tare da fassarar "all correct" a gefe? Me ya sa rubuta ta a matsayin cikakkiyar kalma, "okay", bai zo ba sai daga baya? Kamannin sauti shi kaɗai ba ya tabbatar da dangantaka. "Hannu" da "hand" sun yi kama, ma'anarsu ɗaya, amma ba abin da ya haɗa su. Farisanci yana da "bad" mai ma'anar mummuna daidai da ta Turanci, kuma masana sun tabbatar kowacce da hanyar da ta biyo. Gaɓa biyu gajeru irin "o" da "ke" kuwa, in ka bi harsunan duniya dubbai, dole ka yi ta karo da su.

Abin da zan iya yarda da shi shi ne wanda ya riga yana da "waaw kay" ko "okeh" ko "och aye" a bakinsa zai karɓi OK hannu bibbiyu in ya ji ta, don ta yi masa kama da 'yar gida. Wannan bayanin yaɗuwa ne, ba na haihuwa ba.

Yanzu ga tambayar da ta fi damuna fiye da ta asali. Turanci yana da "yes", yana da "good", yana da "fine", yana da "all right". Wane gurbi ne ya rage da har baƙuwa ta samu wurin zama?

Gurbin shi ne amincewa marar zafi. "Yes" amsa ce mai ɗaukar nauyi. "Good" yabo ne. OK kuwa cewa take abu ya kai mizani, ba ta ce ya wuce ba. In ka tambayi Bature yadda abincin biki ya yi ya ce "it was OK", to kada mai girki ta ji, domin abin da ya faɗa shi ne ba yabo ba fallasa. Mai duba kaya da ya rubuta OK a kan buhu bai ce ya fi kowane buhu ba, cewa ya yi ba abin da zai hana shi wucewa. Wannan ne ya sa ta dace da tangaraho, da ofis, da na'ura: wurare ne da ake son a ce an karɓa, a ci gaba, ba tare da an buɗe zuciya ba. Shi ya sa kuma ake iya faɗinta da baƙin rai. Yaron da aka tilasta wa aike zai ce OK yana tura baki, ya yarda zai je, bai ce yana so ba.

Amma dubi yadda take sauya nauyi in wuri ya sauya. Mota ta ƙwace ta faɗa rami, mutane suka rugo, tambayar farko ita ce "Are you OK?" A nan kalmar da ta yi wa mai girki rowar yabo ta zama duk abin da ake fata. Ba wanda yake son jin cewa kana cikin annashuwa, so ake a ji ba ka karye ba, kana numfashi. Ma'anar ba ta canja ba, har yanzu "ba abin da ya ɓaci" take nufi. Abin da ake tsoro ne ya girma, sai ita ma ta girma.

A nahawu kuwa ba ɗakin da ba ta shiga. Sifa ce in an ce aikin OK ne. Bayanau ce in an ce injin yana tafiya OK. Aikatau ce in manaja ya "OK" takarda, wato ya sa hannu. Suna ce in ana jiran OK ɗin shugaba. In malami ya shigo aji ya ce "OK" da ƙarfi, ba abin da ya amince da shi, cewa yake a yi shiru za a fara. In aka ɗaga murya a ƙarshenta ta zama tambaya, "ka ji ko?" In aka ja ta a hankali ta zama shakka. In aka maimaita ta sau biyu da sauri ta zama "ya isa haka". A ƙarshen hira ta waya kuma ita ce take share fagen sallama. Turancin Nijeriya ma ya ƙara mata nasa: wanda aka yi wa tayin ƙarin abinci ya ce "I'm okay" ya ƙoshi ke nan, kuma za ka ji an ce "very okay", abin da ba kasafai Ba'amurke yake faɗa ba, tunda a wurinsa kalmar ba ta yabo ba ce balle a ƙara mata. A kasuwannin kudu har kayan gwanjo ana kira OK, amma wannan taƙaita Okrika ne, sunan garin da aka laƙaba wa kayan, haruffan ne kawai suka haɗu.

Sautinta ma ya taimake ta. Kalmar Turanci in za ta shigo Hausa yawanci sai an yi mata tiyata, an cusa wasula tsakanin baƙaƙen da suka cunkushe: haka muka samu burodi, da asibiti, da sukudireba. Wannan kuwa ba abin gyarawa, wasali, baƙi, wasali. Ƙarshenta kawai muka miƙe ya zama "oke". Kuma ba yau Hausa ta fara mai da haruffan Turanci kalma ba. Kakanninmu sun ji Turawan mulki suna cewa N.A. da D.O., suka mai da su En'e da Di'o, har aka manta cewa haruffa ne. Wanda ya ce "oke" a gareji yana kan wannan tsohuwar hanya.

Sai dai akwai abin da na lura da shi: a Hausa ba ta samu fili kamar yadda ta samu a Turanci ba, domin ta tarar da mai gida a zaune. Kusan duk aikin da na lissafa a sama, "to" tana yinsa tun kafin a san Boston. "To" ta amincewa, "to" ta an ji, "to" ta malami da zai fara karatu, "to, sai an jima" ta sallama, "tooo" mai ja ta mamaki, "to fa" ta an shiga uku, "to?" ta sai me. Wajen auna abu kuma muna da "ba laifi", da "da dama", da "dama-dama", kowacce da matakinta. Saboda haka oke ta tsaya a inda "to" ba ta zuwa. Ba a cewa inji "to" yake, ba a cewa a danna "to". Lafiyar na'ura, sunan maɓalli, amsar saƙo tsakanin sa'o'i: nan ne gonarta, kusan irin aikin da ta fara yi a ofishin tangaraho.

Inda take tsallake wannan iyaka kuwa ana ji a jiki. Kwanakin baya wani yayana ya nuna mini wayarsa ransa a ɓace. Ya zauna ya rubuta wa ɗansa da ke jami'a dogon saƙo: ya yi sallama, ya tambayi karatu, ya ce ya tura kuɗin makaranta da ɗan abin kashewa, ya yi masa nasiha a kan abokai, ya rufe da addu'a. Amsar da ta dawo harafi ɗaya ce: K. Ko O ɗin bai samu ba. Yaron ba marar kunya ba ne, na san shi, haka suke amsa wa junansu shi da abokansa, kuma a wurinsa ya ce ya gani, ya gode. Amma kalmar da aka gina don ta karɓi saƙo ba tare da ta nuna zuciya ba, ita ce ta isa hannun uban da zuciyar yake jira. Turawa ma kansu suna kokawa da wannan, a wurinsu "K" tsura alamar fushi ce ko gundura, har wasu suke rubuta "okay" cikakkiya ko su ƙara alamar motsin rai don su sassauta ta.

Na kira yaron da yamma. Na ce, "Ɗana, saƙon Babanka ya iso?" Ya ce, "Ya iso, Baffa, ai na ba shi amsa." Na ce ya buɗe ya karanta mini abin da uban ya rubuta, sannan ya karanta abin da shi ya mayar. Ya karanta na farko har ƙarshe. Da ya zo kan nasa sai ya yi shiru. Bayan sallar isha'i yayana ya turo mini hoton sabon saƙon da ya shigo masa: "To Baba, na gani. Na gode, Allah ya ƙara girma, ya saka da alheri. A gaida su Umma."